Kat-kat ɗin Kawu Tankari da Lita Tara

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan Kawu Tankari da hantsi ya san abin da zai tarar. Tsoho ne tsaye gefen farar motarsa kat-kat, irin mai ja da ƙafa huɗu, ya zura dogon karan gero cikin tankin mai, ya zaro shi a hankali, ya ɗaga sama yana duba inda ya jiƙe, ido ɗaya a rufe. Allurar da ke nuna mai a gaban motar lafiyarta lau. Amma Kawu ya ce ta taɓa yi masa ƙarya sau ɗaya a hanyar Tibiri, shi kuma ba ya sake yarda da wanda ya yi masa ƙarya. Kara kuwa a gonarsa ya tsiro, ya san asalinsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Dogon Dutsi. Shekarar da na shiga karatun yaƙi da jahilci, da goyon autana a baya, ita ce shekarar da ya yi ritaya daga tuƙin motar wani proje na raya karkara, ya kwashe abin da aka sallame shi da shi ya sayi tsohuwar motar a gwanjo. An haɗa masa da littafinta, na faransanci. Wata rana ya kira ni, ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa, ya ce in karanta masa lambar da ke wurin, tunda yanzu dangi sun yi mai ilimi. Na ce ga tara, ga kuma ɗari. Ya rufe littafin ya ce shi ke nan, an samu shaida. Daga ranar na koma Malama a bakinsa, motar kuma aka yanke mata abincinta: lita tara a kilomita ɗari, ko ɗigo babu ƙari.

Direbobin tasha sun yi masa bayani har sun gaji. Sun ce taran nan Turawa suka auna ta bisa kwalta mai santsi, mota wayam, ba kaya ba fasinja. A yashinmu kuwa, in ka nufi Sukukutane, irin wannan motar ninki biyu take sha, ta kuma nemi ƙari. Kawu sai ya ce musu mota ba ta satar mai, ƙafar direba ce ɓarauniya.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi ta yi. Rantsuwar ce ta sa mu cikin fargaba.

Kun san Bulus, makanike na bayan coci, abokin Kawu tun suna yara, wanda ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba musu ba. Bulus na da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yana kwaso wa ƴan ƙauye kaya da ita ranar kasuwa. Wata ranar kasuwar ta mutu masa a bakin gari, Kawu ya je da igiyarsa ya ɗauro ta. Garejin Bulus ba shi da nisa daga wurin. Amma mutumin da ke ƙirga ɗigon mai sai ga shi ya ratsa tsakiyar kasuwa, ya zaga ta wajen masu albasa, ya sake dawowa ta rumfar mahauta yana danna oda, Bulus na biye ya sunkuyar da kai. Da suka iso tasha, Bulus ya leƙo ya ce masa, mai lita tara, akwai ranar da ni zan ja ka. Sai Kawu ya sauko, ya ɗaga makulli gaban kowa.

"Motata ja take yi, ba a jan ta. Wallahi ranar da kuka ga igiya a gabanta, ranar zan aje makullin nan. Ba ni ƙara riƙe sitiyari har in mutu."

Da labarin ya iso gida, matarsa Inna Dije zama ta yi a ƙasa da tsintsiya a hannu. Allah bai ba su haihuwa ba. Motar nan ita ce ɗiyarsa, ita ce hirarsa. In ya yi kwana biyu bai tuƙa ba, sai ka iske shi kwance yana cewa gaɓoɓinsa na ciwo. Kuma duk mun sani Kawu ba ya warware magana. To mutumin da ke ba mota rabin cinta, yaushe zai kai wata guda ba a jawo shi ba?

Shiga motarsa ma sai da shiri. Ya ce nauyi shi ke cin mai, don haka ya kwance kujerun can baya, ya sauke tayar ko-ta-kwana ya jingine a zaure. Ranar da za mu suna Dumega, ya jera mu a ƙofar gida yana duban kowa daga sama har ƙasa kamar mai sayen rago. Ni ya sa na zubar da ruwan jarkata, wai akwai rijiya a Dumega. Da ya zo kan Gwaggo Hajo, yayar babana, wadda Allah ya ba jiki, ya dube ta ya sake dubawa. Can ya tambaye ta ko ta karya kumallo. Ta ce ta sha kunu. Ya girgiza kai ya ce da ta bari sai an isa. Na rasa inda zan sa idona don kunya. Gwaggo kuwa ba ta barin ta kwana, ta ce masa, "Tankari, hular kanka ma ai nauyi ce." Ya yi ɗan tunani, ya cire hular ya miƙa wa Inna Dije ta shigar gida. Haka muka je sunan mutane da tsoho kai ba hula.

A hanya, da muka hau wani tudu muka fara gangara, sai na ji motar ta yi tsit. Kawu ya kashe inji. Ya ce gangara kyautar Allah ce, ba a biyan ta da mai. Ashe in an kashe injin irin motar nan, sitiyari yakan yi tauri, birki ma sai an tashi tsaye a kansa. Muna ta ƙara gudu, ga garken awaki a ƙasa. Gwaggo na salati da ƙarfi. Muka bar hanya, muka ratsa gonar wani bawan Allah, muka je muka tsaya dab da gindin gawo, ganyen wake rataye a madubi. Kawu ya juyo yana murmushi ya ce, Malama, ki riƙe wannan a kanki: kilomita guda, mai ko cokali.

Wurin ja ne kaɗai rowarsa ke tafiya hutu. Ko tuwo yake ci aka ce wata mota ta kafe a yashi, sai ya wanke hannu. Ba ya karɓar ko dala, abin da yake so kawai jama'a su tsaya su kalla. Kuma a gaskiya ya ciro mutane da yawa: amalanken shanu, motar ɗaukar amarya, har da raƙumin wani Buzu da ya nutse a laka. Wata damina aka ce babbar mota ɗauke da siminti ta kafe a kori, wato rafin damina, ta hanyar Lugu. Yana naɗe igiya na tuna masa a hankali cewa littafinsa da kansa ton biyu da rabi ya ce motar ke ja, ni na karanta masa. Ya ce wannan shafin kuskure aka yi wajen bugawa, shafin tara ne kaɗai na gaskiya.

Waɗanda suka je kallo suka ba mu labari. Ya ɗaura igiya, ya sa ƙaramin giya, motar ta yi kuka, ƙafafu huɗu na watsa laka. Sai aka ji ƙara kamar an fasa dutse, Kawu ya yi gaba. Ya yi nisa yana oda yana ɗaga wa mutane hannu kafin ya waiwaya. Babbar mota na nan inda take. Ƙarfen gabanta ne, da lambarta, ke biye da shi cikin laka. Direban ya ɗora hannu biyu a ka. Kawu ya sauko ya zagaya ƙarfen, ya ce ai littafi ton biyu da rabi ya ce, ga shi an fara. In direban zai yi haƙuri, da kaɗan-kaɗan za a ciro masa ita duka.

Yanzu bari in faɗi abin da muka ɓoye shekara takwas, tunda wanda muke ɓoye wa ya riga mu gidan gaskiya. Da muka ga rantsuwar nan za ta kwantar da shi tun kwanansa bai ƙare ba, ni da Inna Dije muka yi shawara. Duk Juma'a, in ya tafi masallaci, sai in je wurin ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba, in sayo da ribar ƙosaina, in ɓoyo ƙarƙashin mayafi. Marfin tankin da waya yake ɗaure shi, kwancewa ba wuya. Inna Dije ta tsare zaure, ni in zuba. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ga ni ina laɓe-laɓe don in ƙara wa mutum dukiya.

Wata Asabar na ji yana kiran Malama ta kan katanga. Na iske shi da kara a hannu, fuska ba dariya. Ya ce ranar Alhamis da ya dawo daga Tibiri ya auna, ya yi alama da farce. Yau mai ya wuce alamar da yatsa huɗu. Na ce a raina asiri ya tonu. Kuma abin ya ɗaure mini kai, don mu kwalba biyu muka zuba, ba za ta kai haka ba. Daga baya muka gano ashe Bulus ma yana zubawa. Shi da ba ya zuwa sallar Juma'a, muna barin wurin sai ya biyo da jarka. Bulus ɗin da ya yi alkawarin jan sa! Ina jiran Kawu ya tsare ni da tambaya, sai na ga ya ɗaga kai yana kallon itacen dogon yaron da motar ke kwana a ƙarƙashinsa. Ya tafi tasha ya sanar cewa in mota ta huta a inuwa mai kyau, man da rana ta ɗauke yakan dawo. Har direba biyu suka riƙa kawo motocinsu suna ajewa a ƙofar gidansa.

Haka muka yi ta lallaɓa rantsuwar nan, Juma'a bayan Juma'a, har zuwa kakar bara.

Rabi ɗiyata ta fari tana aure a wani ƙauye wajen Sukukutane. Jikar Kawu ce, tun tana rarrafe yake tsokanar ta da amarya. Tana da cikin fari, muna shirin ta dawo gida goyon ciki, sai naƙuda ta riga mu. Da safiyar wata Juma'a mijinta ya kira ni, ya ce tun jiya ake fama, ungozoma ta ce sai babban asibiti. Na fita ba takalmi na faɗa wa Kawu. Ya zura karansa, ya zaro, ya dube shi fiye da yadda ya saba, ya ce ya isa. Na ce ko mu ƙara kwalba biyu a hanya. Ya ce masu kwalba ba su fito ba tukuna, neman su ɓata lokaci ne. Ni na san satin nan ba mu zuba ba, lokacin masallaci bai yi ba. Amma in na faɗa na tona asirin shekara takwas. Sai bakina ya yi nauyi, na shiga mota. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji kunyar kaina.

Muka isa, muka shimfiɗa katifa inda ya kwance kujeru, muka kwantar da Rabi, ungozoma na gefenta. Muna juyowa rana ta take. Yashi ya yi zafi, motar na nishi, Rabi na numfashi sama-sama, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Na ga Kawu ya dubi madubi sau biyu. Sai ya ce a ɗaga gilasai, ya miƙa hannu ya danna wani maɓalli da ban taɓa ganin ya taɓa ba. Ƙura ta fara fesowa, ƙurar shekara da shekaru, bayanta iska mai sanyi. Kilim ne, na'urar sanyaya mota. Wallahi ni ban ma san motar na da shi ba. Rabi ta buɗe ido ta ce, Kaka, yau kai ne? Ya ce ta yi shiru kar ta ƙara wa mota nauyi.

Muna hango duwatsun gari can nesa, motar ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ba gida kusa, ba mai kwalba, waya ba ta kamawa. Kawu bai ko ɗauko kara ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gabansa.

Ba mu daɗe ba sai ga mota ta taso ƙura a bayanmu. Bulus ne, ya kwaso buhunan wake za shi kasuwa. Da na gan shi na ce Alhamdulillahi, a zuƙo mana daga tankinsa. Ashe tasa gazwal take sha, wato dizal, tamu esansi, wato fetur, ba su haɗuwa. Bulus ya leƙa ya ga Rabi, ya ga jini a katifa. Ban taɓa jin ya yi wa Kawu magana ba tsokana ba sai ranar. Ya ce a sauke buhu biyar, a kwantar da yarinya a bayan motarsa, a bar kat-kat nan. In an kai ta asibiti shi da kansa zai kawo mai, ba wanda zai ga igiya, ba wanda zai ji. Ungozoma ta ce ita dai ba ta son a ɗaga ta, amma in babu yadda za a yi, to.

Kawu ya sauko, ya je ya ɗora tafin hannu bisa ƙarfen bayan motar Bulus, ya janye da sauri don zafi. Ya dubi rana. Sai ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko igiyar nan tasa da ya ja rabin Arewa da ita, ya zagayo gaba, ya durƙusa.

"Tankari, rantsuwa fa ka yi," in ji Bulus.

"Ni na yi ta, ni zan ɗauka. Ja, Bulus. Ka ja a hankali, amaryata na ciki."

Haka muka shiga Dogon Dutsi ranar kasuwa, da igiya a gabanmu. Da muka zo mararraba Bulus ya so ya bi ta bayan gari don kar a gani, Kawu ya fiddo hannu ya nuna masa miƙe, don ta tasha ta fi kusa. Direbobi suka miƙe tsaye daga kan benci. Na ɗauka za a yi ihu. Ko tari ba wanda ya yi. Wani ma cire hula ya yi, bai san ya cire ba.

An yi wa Rabi aiki, aka ciro ɗiya mace da ranta. Malamar asibiti ta ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Washegari Kawu ya sa babbar riga ya tafi tasha, ya danƙa wa Bulus makulli gaban kowa. Aka taru ana ba shi baki. Liman da kansa ya zo gida ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ya koma motarsa. Kawu ya ciyar da su, har da nama, abin da ya ba kowa mamaki, amma ya ce makulli ya tafi. Wata bakwai ya yi bayan haka. Ranar kasuwa sai ya shiga gaban motar Bulus ya zauna, tun daga fita har dawowa yana yi masa faɗa kan yadda yake taka mai. Amma duk mun ga yana ramewa.

Da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na kai masa kunu wata la'asar, na ce yau sai na sauke abin da ke wuyana. Na durƙusa na faɗa masa duka: kwalabe, mayafi, Inna Dije a zaure, Bulus da jarka. Na ce ya yafe mini, mu muka sa ya yarda da lita tara, mu muka jawo aka ja shi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, har ta koma tari.

"Malama, shekara goma sha biyu ina tuƙa wa proje motar nan kafin in saye ta. Sha takwas take sha a yashi. In tana ja, ta wuce ashirin. Tun Juma'ar farko na ga sawun takalminki gindin taya."

Na ce to, Kawu, me ya hana ka magana?

"In na faɗa, wa zai ƙara zubawa?"

Shekara takwas ta ribar ƙosaina! Inna Dije da ke bakin ƙofa tana tankaɗe, ta saki rariya ta ce ita dai ta auri ɗan fashi. Da dariya ta lafa, na tambaye shi, tunda ya san gaskiyar motar, me ya sa ranar Rabi ya ce mai ya isa. Ya dubi rufin ɗaki.

"Da sha takwas na auna, kuma ya isa har ƙofar asibiti. Kilim ɗin nan ne ban san cinsa ba, ban taɓa kunna shi ba." Sannan ya ce, "Da za a sake, da na sake kunnawa."

Kwana huɗu bayan wannan hirar aka kai shi makwancinsa. Bulus ya tsaya can gefe har aka gama salla, sannan ya matso ya kama makara, ba wanda ya hana shi.

Kwalabena na yafe, Kawu, har wanda na manta. Allah ya dubi zafin ranar da ka kare yarinyata daga gare shi, ya sanyaya maka kabarinka. Allah ya yafe maka, ya sa ka iske hanya shimfiɗe. Amin.